Hoton Da Na Ɗauka A Tsaye

Tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya sa hoton kakanku yake rataye can kusa da rufin falo, inda sai mutum ya ɗaga kai har wuyansa ya ƙage kafin ya gan shi da kyau. Kai Abba, ka taɓa jawo kujera za ka sauko da shi, na daka maka tsawar da na san har yau ba ka manta ba. Ke kuwa Zainabu da kanki kika yanke hukunci, kika ce tsoro nake kada yara su fasa gilashin, ni kuma na bar ki a kan haka don ya fi mini sauƙi. Idan baƙi suka zo kukan nuna musu shi da alfahari, ku ce Babanmu ne ya ɗauki mahaifinsa da hannunsa, har an taɓa kafa hoton a wurin nuni mutane suka yi ta yabo. Ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai kamar mutumin kirki. To, yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ƙi, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin da ba haka yake ba. Ni na ɗauki hoton, wannan gaskiya ne. Yadda na ɗauke shi ne ban taɓa gaya wa ɗayanku ba.

Kakanku Malam Haruna maɗinkin hannu ne, ba na keke ba. A Briqueterie aka haife shi, unguwar Hausawa ta babban birnin ƙasar nan, mu dai Birik muke cewa, a gidan jan bulo da mahaifinsa ya gina bayan ya zo fatauci daga ƙasar Zazzau ya ga wuri ya zauna. Gidan yana cikin wani tsohon layi mai gangara, wanda mabugan shadda suke bakinsa, ƙarshensa kuma ya faɗa wa rumfunan mahauta. Kullum bayan karin kumallo sai Baba ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar zaure, ya jingina da bango, ya ɗora babbar riga a cinya, ya yi ta aikin wuya da aljihu har a kira azahar. Rigar da mai keke zai gama cikin kwana biyu, shi sai ya yi wata uku a kanta, kuma in ka matsa masa ya miƙo maka yadinka ya ce ka kai gaba. Ba shi da yawan magana. Duk wanda ya zo wurinsa, alhaji ne ko mai tura baro, takalmi yake tuɓewa ya zauna ƙasa, don Baba ba ya tashi wa kowa in allura tana hannunsa.

Ni ne ɗansa na fari, kuma ni kaɗai ne namiji. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A wurin mutanen da, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna shi a gaban jama'a ya ce wannan nawa ne. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma wanda ya fi kowa riƙe ta shi ake gani da mutunci. Tun da na yi wayo ban taɓa jin "Ahmadu" daga bakin Baba ba. In yana nemana sai ya ce a kira masa wancan. Wadda ta goye ni, ta yi mini wanka, ta duke ni in na yi laifi, ita ce ƙanwarsa Gwaggo Delu, kuma ita kam tana kiran sunana da ƙarfin da za a ji daga wurin mabuga har wurin mahauta. Amma Baba ne ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, lokacin da maƙwabta suke cewa yaro zai lalace. Bai taɓa tambayata abin da na ci a jarrabawa ba, sai dai in ji Gwaggo tana cewa, jiya ya tambaye ni ko wancan yana ƙoƙari.

Na yi ƙoƙarin kuwa. Na sami aikin gwamnati, na koma Amadou a bakin abokan aiki, na auri uwarku, muka sami gida a Cité Verte, unguwar ma'aikata. Tafiyar ƙafa ce tsakanin can da Birik, amma ni a lokacin ji nake kamar na ƙetare teku. Duk Juma'a bayan masallaci nakan biya in gaida Baba, in tuɓe takalmi, in durƙusa, mu yi gaisuwar da ba ta wuce minti biyar, in shiga wurin Gwaggo in ci tuwo. A shekarun nan wannan bai taɓa yankewa ba. Abin da ya lalace a wurin aiki ya lalace. Wata rana ana hira da rana, aka shiga yi wa Birik ba'a, wannan ya ce hayaƙin nama, wancan ya ce taɓo da hayaniya, wani ya ce in ka shiga da mota sai ka fito da ƙafa. Ana dariya ni ma na yi. Sai wani ya juyo ya ce, af, Amadou, kai ba can ne gidanku ba? Bakina ya riga hankalina. Na ce a'a, ni ɗan Garwa ne, mahaifina babban ɗan kasuwar yadi ne a can, Birik sallar Juma'a kawai take kai ni. Ba wanda ya tilasta ni. Ba wanda zai kore ni daga aiki don ubana yana riƙe allura. Girman kai ne kawai na mutumin da ya fara ɗaura laktai a wuya irin na Turawa, kuma da ƙaryar ta fita sai na yi ta ciyar da ita shekara da shekaru.

Shugabanmu a ofis, Misye Lucien, mutum ne mai son hoto. Shi da matarsa Madam Odile suka haɗa 'yar ƙungiya, mu biyar ko shida, duk Asabar ta farkon wata mu zaɓi wata tsohuwar unguwa mu bi ta da ƙafa muna ɗaukar tsofaffin gidaje, da ƙofofi, da masu sana'a. Na sayi kyamara don in shiga cikinsu, daga baya kuma na so abin da gaske, har hannuna ya faɗa. Sau biyu na je wa Baba da ita na ce zan ɗauke shi, sau biyu ya ce me za a yi da hoton tsoho, in ajiye abina. Ban sake tayar da maganar ba.

Wata rana sai Misye Lucien ya ce wata mai zuwa Briqueterie za mu. Ya ce ni zan yi jagora tunda ina jin Hausa. Da ina da hankali da na ce ba ni da lafiya. Maimakon haka sai na zauna na tsara hanya a kaina, titi-titi, yadda za mu shiga ta wajen unguwar Messa, mu bi babban titi, mu ga shagunan yadi da 'yan tsire, mu fita ta ɗaya gefen ba tare da mun kusanci layinmu ba. Na kuma share fage, na ce musu kada su yi mamaki in wasu sun gaishe ni, masallacin Juma'a ne ya haɗa mu.

An yi ruwa da asuba ranar, jar ƙasa ta jiƙe, rufin kwano masu tsatsa suna ta ƙyalli. Muka sauka daga taksi a Messa muka taka da ƙafa. Zan gaya muku gaskiya, sa'a biyun farko na ji daɗinsu, kuma wannan ma abin kunya ne. Unguwar da na tashi a cikinta, na san kowane rami na cikinta, ranar na dube ta da idon baƙo sai na ga ashe tana da kyau. Na ɗauki wata tsohuwar ƙofar katako da aka yi wa ado da kan ƙusa, wadda na wuce ta gabanta sau dubu ina yaro ban taɓa tsayawa ba. Na ɗauki bangon jan bulo da ciyawa ta tsiro a tsagarsa, da jerin kekunan ɗinki a wata rumfa, teloli shida kowa ƙafarsa tana rawa, da atamfofi da aka rataye tun daga ƙasa har sama. Na ɗauki wani mahauci yana shanya kilishi, mutumin da muka yi karatun allo tare, ya ɗaga mini hannu na ɗaga masa daga nesa na yi gaba. Mutanen unguwa da suka gan ni da manya sai suka ja baya, suna ganin aiki nake, ba sa so su dame ni. Ina ta bayani da Faransanci, ina cewa Hausawan nan kaza, al'adarsu kaza, kamar a littafi na karanta su.

Muna gab da fita sai Madam Odile ta tsaya ta kasa kunne. Ƙarar mabuga ce, dum-dum, dum-dum, suna bugun shadda a kan gungume. Ta ce wannan wane irin ganga ne? Na ce ba komai ba ne, masu gyaran kaya ne, kuma layin akwai taɓo, mu bi ta nan. Kafin in rufe baki ta riga ta karya kwana. Sauran suka tsaya wurin mabuga suna ɗauka, ita kuwa da mijinta suka ci gaba da gangarawa suna kallon gidaje, ni ina biye kamar akuyar da ake ja kasuwa. Ina ta addu'a a raina Allah ya sa ruwan safe ya hana shi fitowa.

Yana nan. Yana zaune a kan buzunsa, ya jingina da bango, farar shadda a cinyarsa, tabarau a kan hanci, rana ta faɗo masa ta gefe. Madam Odile ta dafe ƙirji ta ce wannan shi ne hoton yau. Ta duba kyamararta ta ga fim ya ƙare.

Baba ya ɗago ido ta saman tabarau ya gan ni. Ku fahimci wani abu: tun da na iya tafiya ban taɓa isa gabansa da takalmi a ƙafa ba, ban taɓa yi masa magana a tsaye ba. Ya ɗan janye ƙafarsa daga gefen buzun, yadda yake yi duk Juma'a don in sami wurin durƙusawa. A cikin wannan ƙiftawar idon na yi wani tunani, kuma shi ne abin da ya fi cina har yau. Na ce a raina, ba zai kira sunana ba. Bai taɓa ba, ba kuma zai fara a gaban baƙi ba. Ba zai ce wannan ɗana ne ba ko za a yanka shi. In ni ban faɗa ba, ba mai faɗa.

"Amadou, tambaye shi ko zai yarda ka ɗauke shi," in ji Madam Odile da Faransanci.

Na matsa taku biyu, takalmana a ƙafa, na tsaya a kansa.

"Sannu da aiki, dattijo."

Allurar ta tsaya. Ya dubi takalman, ya dubi fuskata, ya dubi mutanen da ke bayana. Sannan ya mayar da ƙafarsa inda take.

"Yauwa, sannu. Sannunku da zuwa."

"Baƙin nan ne suke so a ɗauke ka hoto, in ba damuwa."

"Baƙi ai ba a hana su," in ji shi. "Bismilla."

Na ɗaga kyamara na rufe fuskata da ita. Misye Lucien, wanda bai san komai ba, ya dafa kafaɗata ya ce in tsuguna in ɗauka daga ƙasa, hasken zai fi kyau, fuskar tsohon za ta fi fitowa. Kun ji, mutumin da ba Bahaushe ba, ba Musulmi ba, shi ne yake ce mini in durƙusa a gaban ubana. Na ce masa a'a, daga nan ya fi. Ni na san dalili. Na san in gwiwata ta taɓa ƙasa a wurin nan, bakina zai ce Baba ko ina so ko ba na so. Baba ya mayar da idonsa kan ɗinki, ya soka allura, na danna.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai Madam Odile ta ce in tambaye shi ko yana da 'ya'ya, ko akwai wanda ya gaji wannan sana'a. Na tambaye shi, da bakin nan nawa. Bai ɗago ba.

"Gaya mata ina da ɗa namiji guda. Bai gaji allura ba, Allah ya ba shi abin da ya fi ta. Aikin gwamnati yake yi. Yana da kirki, duk Juma'a yana zuwa gaishe ni."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji ya yi a kaina tun da aka haife ni, kuma sai da na zama baƙo sannan na ji ta. Na juya na ce wa Madam Odile, ya ce yana da ɗa ɗaya, yana aiki a cikin gari. Sauran na haɗiye.

Baba ya juya wajen zaure ya ce a kawo wa baƙi ruwa. Gwaggo Delu ce ta fito da kwano. Tana ganina fuskarta ta washe, ta buɗe baki, na ga sunana ya taho har kan harshenta.

"Delu," in ji Baba a hankali. "Ba wa baƙi ruwa."

Ta dube shi, ta dube ni a tsaye da takalmi, ta gane. Ta miƙa wa Madam Odile ta sha, ta miƙa wa Misye Lucien ya sha. Da ta zo kaina sai ta tuntsurar da sauran ruwan a ƙasa ta shige gida. Muka yi sallama muka gangara ta wajen mahauta. Abokan tafiya suka sayi tsire suna ta santi, ni ko yanka ɗaya ban ɗauka ba.

Washegari da hantsi Gwaggo ta iso Cité Verte, matar da ba ta taɓa shiga taksi ita kaɗai ba. Uwarku ta shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama.

"Ahmadu, ni na goye ka. Bayan nan nawa har yau yana ciwo. Dattijo? Dattijo ka ce masa?"

"Gwaggo, ki zauna in yi miki bayani."

"Ba na zama a gidan wanda ban sani ba. Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ba takalmin ba ne, ba tsayuwar ba ce. Ka san sarai ba zai kira sunanka ba, shi ya sa ka yi. Kunyar da yake ji taka, ita ka ɗauka ka rufe fuskarka da ita."

Na sunkuyar da kai, don abin da na yi ke nan daidai.

"Jiya na ce masa zan zo in wanke ka tas, ya ce in bar ka. Wai ƙila aikin ne ya gaji haka. Wai kada mu ɓata maka a wurin manyanka. Kai yake karewa, ka ji! To ni ban iya irin haƙurinsa ba. Ka tashi ka je ka durƙusa, tun yana da rai."

Ta fita ko ruwa ba ta sha ba. Uwarku tana kicin ta ji komai, kuma Allah ya saka mata, ba ta taɓa goranta mini ba, ba ta kuma taɓa gaya muku ba.

Kuna tsammanin na tashi na tafi? Ban je ba. Juma'a ta zo na yi salla a wani masallaci na dawo gida. Ta biyu ma haka. Kunya ta hana ni zuwa, rashin zuwan kuma ya ƙara kunyar. Ana cikin haka aka wanko hotuna, Misye Lucien ya ga na Baba ya ce duk shekarar ba wanda ya ɗauki kamarsa, shi za a sa a tsakiya a ɗan nunin da za mu yi a zauren ofis. Ya miƙo mini farar takarda ya ce in rubuta sunan hoton. Allah ya sake ba ni ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ta isa. Na riƙe alƙalami na daɗe, sannan na rubuta da Faransanci: tsohon maɗinki, Briqueterie. Mutane suka zo suka yi ta yabo, ana ce mini ina da ido, wata ma ta ce kamar na san mutumin. Na yi murmushi na karɓi yabon.

Wata biyu da rabi ban taka layinmu ba. Saura 'yan kwanaki babbar Salla sai ga Gwaggo kuma, da ƙunshi a hannu. Wannan karon ko faɗa ba ta yi ba. Ta ajiye shi a kan kujera.

"Ya ce a ba wancan," in ji ta, ta juya.

Na kwance ƙunshin. Babbar riga ce ta farar shadda, aikin aska takwas, ɗinkin da ba mai yin irinsa a Birik sai mutum ɗaya. Na shimfiɗa ta ina kallo, sai wani abu ya soke ni. Na ɗauko hoton na ajiye kusa da ita. Ita ce. Ga askar da allurarsa take kai a cikin hoton, rabinta a ɗinke, ga ta nan a gabana an gama ta. Ashe ranar da na tsaya a kansa na ce masa dattijo, rigata ce a cinyarsa. Kuma bayan mun tafi bai jefar da ita ba, bai sayar wa wani ba, ya ci gaba da soka allurarsa kullum har ya gama.

Da safe na ɗauki hoton da kyamara na tafi da ƙafa, ban shiga taksi ba. Tun daga wurin mabuga na tuɓe takalmi na riƙe a hannu, suna kallona. Yana zaune inda yake zama. Na durƙusa. Ya janye ƙafarsa daga gefen buzun.

"Baba, na zo ne..."

"Rigar ta yi daidai?"

"Ban sa ba tukuna. Baba, abin da na yi ranar nan..."

"Baƙin naka sun koma gida lafiya?"

Na ga ba zai bar ni in faɗa ba, sai na miƙa masa hoton da hannu biyu. Ya ajiye allura, abin da ba ya yi wa kowa. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Aikin ya fito," in ji shi. "Har zaren ana gani."

Ya matso da hoton kusa da idonsa.

"Ashe haka nake daga sama. Ban taɓa sani ba. Duk wanda ya zo wurina a layin nan ƙasa yake zama."

Ba da faɗa ya faɗa ba, ba da habaici ba. Kamar mutumin da ya ga wani sabon abu ne yake mamaki. Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ni da nake da 'ya'ya biyu a lokacin, na kifa kai a gefen buzunsa na yi kuka a bakin titi, na ce ya yafe mini.

"Na yafe tun ba ku kai wurin mahauta ba. Tashi, mutane na kallo."

Na share ido na jawo kyamara. Na ce, Baba, bari in sake ɗaukar wani, daga nan inda nake zaune.

"A'a," in ji shi, ya ɗauki allurarsa. "Wancan ma don baƙi na yarda. Guda ya isa. Shiga wurin Gwaggonka, tana ta fushi ba dalili."

Ranar da aka koma aiki bayan Salla na sa rigar na tafi ofis, na shiga wurin Misye Lucien na gaya masa komai, har da Garwa, har da kasuwar yadi. Na shirya wa dariya ko raini. Ya dube ni ya ce, to me ya sa ba ka faɗa ba, da mun gaishe shi yadda ya kamata? Ya ce shi uwarsa har gobe rogo take sayarwa a kasuwar Mokolo, kuma kowa a ofis ya sani. Shi ke nan abin da ya ce. Ƙaryar da na yi shekaru ina dakonta, ashe ba ma wanda yake bukatarta sai ni.

Da damina ta zagayo Baba ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Ya rasu bai taɓa kiran sunana ba, yadda ya kamata uba ya yi wa ɗan fari. Shi ya riƙe nasa har ƙarshe. Ni da ba abin da ya hana ni cewa Baba, ni ne na ce dattijo. Bayan an share makoki muka bincika gida kaf, ba wani hotonsa sai ɗan ƙaramin da ke jikin katin shaida, wanda ya koɗe ba a gane shi. Wannan na falo shi kaɗai ne kakanku ya bari a duniya, kuma duk ɗan Birik da ya dube shi da kyau zai gane cewa wanda ya ɗauka a tsaye yake.

Na sa aka yi masa gilashi. Uwarku ta nuna mini wuri a bango daidai ido, inda kowa yake rataye hoto. Na jawo tebur na hau, na kafa ƙusa can kusa da rufi. A cikin hoton ni ne a sama, wannan ba ya gyaruwa. A falona dai shi ne a sama.

Abba, kai ka ci sunansa, in na tafi kai za ka ɗauki hoton. In ka juya bayansa za ka ga farar takardar nan ta Faransanci tana manne, kada ka ɓamɓare ta. A ƙarƙashinta na rubuta kalmar da ya kamata in rubuta tun farko: Babana. Duk gidan da ka kai shi, ka kafa ƙusar a sama. In 'ya'yanka suka yi ƙorafin wuya, ka ce su yi haƙuri, nawa ya fi shekara ashirin yana ƙagewa.